Ina Kake Ranar da Bam Ya Tashi a Kano? Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Irin Wannan Tuni

Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar na yamma, aka fara jin ƙarar bama-bamai a birnin Kano. Cikin ɗan lokaci an kai hari hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ke kan titin BUK, da hedikwatar rundunar jiha a Bompai, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu ofisoshin 'yan sanda na cikin unguwanni. Harbe-harbe suka ci gaba har dare ya yi. Daga baya 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka rasu, mafi yawansu farar hula, cikinsu har da Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Ƙungiyar Boko Haram ta ɗauki alhaki, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso kuma ta sa dokar hana fita ta awa 24.

Duk Bakanon da ya mallaki hankalinsa a lokacin, in ka taɓo masa zancen ranar, ba da adadin mamata zai fara ba. Da kansa zai fara. A majalisa za ka ji wani ya ce, "Wallahi Alhaji, ina Kwari ina auna wa wata mata yadi, almakashi na hannuna, sai na ji rumfa ta girgiza." Wani ya karɓe, "Ni kuwa Malam, ina alwala ne, na wanke ƙafar dama ban wanke ta hagu ba." Wata uwa za ta gaya maka tana tuƙa tuwo, yaranta biyu ba su dawo daga Islamiyya ba, ta fita ƙofar gida ba mayafi. Mutumin da ba zai iya faɗa maka abin da ya ci jiya da rana ba, shi ne zai lissafa maka launin rigar da ya sa fiye da shekara goma da suka wuce.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan abu. A 1977 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Roger Brown da James Kulik, suka tambayi mutum 80 yadda suka samu labarin kisan shugaba John Kennedy a 1963 da wasu kashe-kashe makamantansa. Suka tarar kusan kowa yana riƙe da abubuwa iri ɗaya: inda yake, abin da yake yi, wanda ya kawo masa labari, yadda ya ji, yadda na kusa da shi suka yi, da abin da ya biyo baya. Suka kwatanta abin da walƙiyar kyamara, wadda ke haska wuri sau ɗaya ta kama duk abin da ke gabanta, mai muhimmanci da marar muhimmanci. Sun kuma lura cewa abin ya danganta da yadda lamarin ya shafe ka. Kisan Martin Luther King ya zauna daram a zukatan mafi yawan baƙaƙen fatar da aka tambaya, amma cikin fararen fata waɗanda suka riƙe shi haka ba su kai rabi ba. Shi ya sa mutumin Maiduguri da na Madalla da na Nyanya, inda su ma aka kai hare-hare, kowa da ranarsa.

A jiki, abin da ke faruwa ba mai wuyar fahimta ba ne. Idan mutum ya firgita, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Waɗannan suna zaburar da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, mai kula da tsoro, shi kuma ya matsa wa sashen da ke adana abubuwan da suka faru ya riƙe wannan lokaci da kyau. Sai kuma maimaici ya ƙara masa ƙarfi. Labarin ranar bam ana ba da shi a daren, a ba da shi washegari ga 'yan uwan da suka kira daga nesa, a ba da shi a zaman makoki, a sake ba da shi duk shekara.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Ƙarfin tuni daban, daidaitonsa daban.

Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Washegari wani malami a Jami'ar Emory, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai su rubuta yadda suka samu labarin. Bayan kusan shekara uku, shi da abokiyar aikinsa Nicole Harsch suka sake samun 44 daga cikinsu suka yi musu tambayoyin nan dai. Kusan ɗaya cikin huɗu ba su dace da rubutunsu na farko a komai ba: wuri ya canza, mai ba da labari ya canza, abin da suke yi ya canza. Kuma suna magana ne da cikakken yaƙini. Da aka nuna musu takardunsu, wasu suka amince rubutun hannunsu ne, amma suka tsaya a kan cewa su ba haka suke tunawa ba. An sake irin wannan gwaji a Jami'ar Duke washegarin harin 11 ga Satumba, 2001, da ɗalibai 54. Jennifer Talarico da David Rubin suka gano cewa bayanan ranar harin suna zubewa daidai da yadda bayanan wata rana ta yau da kullum ke zubewa. Abin da bai ragu ba shi ne tabbacin da mutum yake ji a ransa.

Dalili kuwa, duk lokacin da aka tuno abu, ƙwaƙwalwa sake haɗa shi take yi, kuma a wajen haɗawar abin da aka ji a rediyo, da hoton da aka gani a jarida, da labarin maƙwabci, duk suna iya shigowa su zauna kamar da idonka ka gani.

Kano kuwa wuri ne da irin wannan cakuɗewa ke da sauƙi, saboda masifar ba sau ɗaya ta zo ba. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari. A Maris na shekarar bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari. A 2014 aka kai hari Makarantar Koyon Tsafta, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kantin Kwari. Ranar 28 ga Nuwamba, 2014, wata Juma'ar ce kuma, aka tayar da bama-bamai aka buɗe wuta a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, mutum fiye da ɗari suka rasu. A Nuwamban 2015 aka kai hari kasuwar waya ta Farm Centre. To Farm Centre sau biyu ke nan, shekara uku da wani abu tsakani; manyan Juma'o'i ma biyu. Ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗauko hayaƙin wannan rana ya ɗora a kan waccan. Za ka ma ji mai rantsuwa cewa washegarin harin 2012 aka hana acaɓa, alhali sai a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Mai faɗin haka ba maƙaryaci ba ne, kuma ba daidai ba ne a ƙaryata shi a gaban jama'a a kan ranar da wataƙila ya rasa ɗan'uwa.

Inda kuskuren ke da haɗari shi ne wajen shaida. Misalin da aka fi sani ya faru a Amurka. Ranar 19 ga Afrilu, 1995, da ƙarfe 9:02 na safe, wata babbar mota maƙare da abin fashewa ta tarwatsa ginin gwamnatin tarayya na Alfred P. Murrah a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, 19 daga cikinsu yara. Da farko zargi ya karkata ga mutanen Gabas ta Tsakiya, sai ga shi ɗan ƙasa ne, tsohon soja mai suna Timothy McVeigh. Wani ma'aikaci a shagon da aka yi hayar motar, a garin Junction City na jihar Kansas, ya ce mutum biyu ne suka zo, ya siffanta na biyun har da hularsa da zanen da ke damtsensa. Hukumar FBI ta baza hoton zane, aka yi ta farautar mutumin a faɗin ƙasa. Daga baya masu bincike suka gano siffar ta wani soja ce da ya zo shagon washegari, hayar wata mota daban, ba ruwansa da lamarin. Ma'aikacin ya ga mutumin da gaske, a wurin da gaske, rana ce kawai ta goce masa. A ƙasa irin tamu, inda nuni da yatsa kan iya sa a tafi da mutum a shafe shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda abin ya rutsa da shi kai tsaye ya fi wanda labari ya iske riƙe gaskiyar lamari. Neisser ɗin nan ya gwada haka bayan girgizar ƙasar da aka yi a Kalifoniya a 1989: waɗanda ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsu sun riƙe bayanansu kusan daidai bayan shekara ɗaya da rabi, waɗanda suka ji labari daga nesa kuwa nasu ya zube. Amma su ɗin ne kuma suka fi ɗaukar nauyin. Akwai wanda ba tunawa yake yi ba, ranar ce take dawo masa ba tare da ya kira ta ba. Taya ta fashe ko a buga ƙofa da ƙarfi, sai gumi ya karyo masa. Yana mafarkin abin, barci ya ƙaurace masa, ya daina bin wani titi, wani ma ya daina shiga sahun tsakiya a masallaci. Idan irin wannan ya wuce wata guda kuma yana hana mutum harkokinsa, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba. Addu'a da haƙuri ba su hana zuwa asibiti. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Irin wannan mutum ba a matsa masa ya ba da labari. In ya fara da kansa, a saurara, in ya yi shiru a ƙyale shi.

Ga wanda yake iya faɗa kuwa, ina ganin lokaci ya yi da za a rubuta. Yaron da aka haifa a watan harin farko yanzu ya shiga sakandare, dattawan da suka yi ta sallar jana'iza a waɗancan kwanaki da dama sun bi waɗanda suka sallata. A Oklahoma an jera kujeru 168 a filin da ginin yake, kowace da sunan mamaci, an kuma tattara bayanan waɗanda suka tsira a gidan tarihi. Mu ba lallai mu yi kujeru ba, amma kowane gida yana iya ajiye nasa da littafin rubutu ko wayar hannu. A sa ranar da aka ɗauki bayanin. A bar mutum ya faɗi nasa har ƙarshe kafin a yi masa tambaya, kada a sa masa magana a baki da irin "ai mota ce fara, ko?" A tambaye shi wanne ya gani da idonsa, wanne aka gaya masa, a rubuta su daban. A ji miji daban, mata daban, kafin su zauna su daidaita labarinsu ya zama ɗaya. In bayanai biyu suka saɓa, a ajiye duka biyun yadda suke. A nemi cikakken sunan wanda ya rasu, da unguwarsu, da sana'arsa, da maƙabartar da aka kai shi.