Rukunin da ba shi da doka sai ta dole

A aljabrar zamani akwai abin da masana lissafi ke kira rukuni, kuma ba lambobi kaɗai ake tarawa a cikinsa ba. Rukuni tarin ayyuka ne: idan aka yi ɗaya aka bi shi da wani, sakamakon ma yana cikin tarin, akwai aikin da ba ya canza komai, kuma kowane aiki yana da kishiyar da ke warware shi. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin wasan nan mai launi shida da Ernő Rubik ya ƙirƙiro a Hangare a 1974 ya riƙe rukuni a hannunsa. Akwatin yana da dokokinsa, misali idan ka murɗa fuska ɗaya sau huɗu komai ya koma yadda yake. To, me zai rage idan aka kwashe duk irin waɗannan dokoki, aka bar wadda babu makawa sai da ita, wato aiki da kishiyarsa suna soke juna? Abin da ya rage shi ne 'yantaccen rukuni. Ana iya zaton fanko ne, amma ni ina ganin shi ne ma'aunin da ake auna sauran rukunai da shi.

Gina shi ba wuya. A ɗauki haruffa biyu, a da b, a ce A ce kishiyar a, B kuma kishiyar b. Kowace kalma da aka jera da waɗannan huɗun 'yar rukunin ce, kuma haɗa kalmomi biyu shi ne a rubuta su a jere. Duk inda harafi ya zauna kusa da kishiyarsa sai a goge su biyun, don haka abBa ta koma aa. Iyakar dokar ke nan. Kalmar ab daban take da ba, abAB kuma ba ta gogewa ko kaɗan. Mai tafiya a fili, in ya yi taku ɗaya gabas, ɗaya arewa, ɗaya yamma, ɗaya kudu, wato abAB, ya dawo inda ya tashi. A 'yantaccen rukuni ba haka ba ne, domin hanyoyinsa rassan bishiya ne: kowace mararraba tana da hanya huɗu, babu zagaye, kuma ba a komawa gida sai ta sawun da aka fito. Shi ya sa kalmomin ke yaɗuwa da sauri. Masu harafi ɗaya 4 ne, masu biyu 12, masu uku 36, masu goma kuwa 78,732.

Muhimmancinsa ya fito fili a aikin da Bajamushe Walther von Dyck ya buga a 1882. Duk rukunin da ayyuka biyu suka haifa ana samunsa ne daga wannan 'yantaccen rukuni ta hanyar ƙara dokoki. Ka ce ab daidai take da ba, sai bishiyar ta naɗe ta zama filin nan na gabas da arewa. Ka ɗauki haruffa shida, ka ɗora musu dokokin da suka dace, sai ga akwatin Rubik. Ashe abin da ya bambanta wani rukuni da wani shi ne jerin kalmomin da ya yarda a goge.

Wani zai ce, in haka ne ai an gama, tunda wanda ya san uwa ya san 'ya'yanta. Ba a gama ba. A 1911 Max Dehn ya yi tambaya: idan aka ba ka haruffa da dokoki, akwai tabbatacciyar hanyar gane ko kalmomi biyu aiki ɗaya suke nufi? A 'yantaccen rukuni ɗan firamare zai iya, gogewa kawai zai yi ya kwatanta abin da ya rage. Amma a 1955 Pyotr Novikov na Tarayyar Sobiyet ya tabbatar da cewa akwai rukunai masu ƙidayayyun haruffa da ƙidayayyun dokoki waɗanda babu wata kwamfuta, komai ƙarfinta, da za ta iya amsa wannan tambaya a kansu ga kowace kalma. Wahalar duka daga dokokin take shigowa, kuma da ba a san wurin da babu su ba, da ba a gane haka ba.

Shi kansa rukunin yana da abin mamaki a cikinsa. Jakob Nielsen ɗan Danmak a 1921, da Otto Schreier ɗan Ostiriya a 1927, sun nuna cewa duk ƙaramin rukunin da ke cikin 'yantacce shi ma 'yantacce ne. Har ma a cikin mai haruffa biyu akwai 'yantaccen rukuni mai haruffa uku, da mai ɗari, da wanda haruffansa ba su da iyaka.

Suka mafi nauyi ita ce duk wannan wasan haruffa ne a takarda, ba ruwansa da duniyar da muke taɓawa. Amsar tana cikin juya ƙwallo. Za a iya zaɓar juyi biyu a kan sanduna biyu mabambanta, ta yadda babu wani jerin juyawa da zai maido ƙwallon yadda yake sai wanda ya bi sawunsa ya warware kansa. Wato 'yantaccen rukuni yana zaune a cikin juye-juyen abu mai jiki, kuma Felix Hausdorff ya yi amfani da dabara makusanciyar wannan tun 1914. Yanzu a duba abin da ya biyo baya. A raba kalmomin gida huɗu bisa harafin farko, a ajiye kalmar da babu harafi a cikinta a gefe. A ɗauki masu farawa da A, a manna wa kowace a a gaba. A ɗin farko ta goge, abin da ya fito kuwa shi ne duk kalmar da ba ta fara da a ba. A haɗa su da masu farawa da a, sai ga rukunin cif-cif daga gida biyu kacal. Gidajen b da B su ma su ba da wani cikakken. Rukuni ɗaya ya zama biyu, ba a ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wannan rabon ne Stefan Banach da Alfred Tarski, 'yan Polan, suka ɗora a kan ƙwallo a 1924, suka tabbatar da cewa ana iya rarraba ɗigogin ƙwallo zuwa ƙidayayyun kashi, a juya su a matsar, a haɗa ƙwallo biyu kowanne girman na farko. A 1947 Raphael Robinson ya nuna kashi biyar sun isa. Wuƙa ba ta yanka irin waɗannan kashi, don a warwatse suke har ba a iya auna musu girma, kuma hujjar ta dogara da wata ƙa'idar zaɓe da masana suka daɗe suna muhawara a kanta. A kan shimfiɗaɗɗen faifai kuwa dabarar ba ta ci. John von Neumann ya bayyana dalili a 1929: juyawa da matsarwa a kan shimfiɗa ba su ƙunshi 'yantaccen rukuni mai haruffa biyu ba, na ƙwallo kuwa sun ƙunsa.