Shin Ko Kun San? Masu Kwana Cikin Jaura Don Kallon Taurari

Shin ko kun san cewa a ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa a cikin famfo, akwai mutanen da ke ɗokin shigowar hunturu kamar yadda manomi ke ɗokin ruwan shuka? Ba malaman jami'a ba ne, kuma ba mai biyansu ko sisi. Direbobi ne da malaman makaranta da 'yan fansho waɗanda sha'awar kallon sama ta kama. Kowa na ƙudundune cikin bargo, su kuma suna fili sun kafa na'urorin hangen nesa, wannan ya leƙa ta wancan, wancan ya leƙa ta wannan, ana musu a kan wadda ta fi.

Abin da ke jan su na farko shi ne tsawon dare. A Landan, ranar 21 ga Disamba, wunin ba ya cika awa 8, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Na biyu, iska mai sanyi ba ta riƙe tururin ruwa da yawa, don haka in gajimare ya yaye sai sama ta yi garau kamar an wanke ta.

Shin ko kun san sanyin nan ba don duniya ta yi nisa da rana ba ne? A farkon Janairu ma ta fi matsowa kusa, kimanin kilomita miliyan 147, a Yuli kuwa miliyan 152. Karkacewar da duniya ta yi ta digiri 23.4 ita ke kawo sauyin yanayi.

Shin ko kun san na'urorin nan iri uku ne manya, kuma kowace da halinta a cikin sanyi? Akwai mai gilashi a baki, irin ta Galileo, wadda haske ke ratsa gilashin ya tattaru a ƙarshen bututu. Akwai mai madubi a gindi, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Sai kuma gajera mai ƙiba da ta haɗa gilashi da madubi, wadda kamfanin Celestron ya yayata da samfurinsa C8 a 1970. A daren sanyi mai gilashi ƙarama ita ke riga kowa fara aiki. Mai madubi babba sai an jira ta. Gajerar kuwa, da yake bututunta a rufe yake, takan fi su daɗewa kafin ta huce.

Wannan hucewar ita ce abin da sabon shiga ba ya ganewa, har ya zargi na'urarsa a banza. In ka fito da madubi daga ɗaki mai ɗumi zuwa fili mai sanyi, madubin zai yi ta fitar da zafi, iskar da ke cikin bututun ta riƙa motsi kamar hucin da ke tashi daga kwalta da rana tsaka. Ka leƙa duniyar Mushtari sai ka gan ta tana rawa kamar tsabar kuɗi a ƙarƙashin ruwa. Madubi mai faɗin santimita 20 kan nemi rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita da iskar waje, wanda ya fi shi kauri ya fi haka. Shi ya sa gwanaye ke fitar da na'ura tun magariba su koma ciki su ci abinci, wasu kuma su manna ƙaramar fankar kwamfuta a bayan madubin. A ganina duk wanda ya gwada na'ura biyu bai bar su sun huce ba, bai gwada komai ba. Dalili ɗaya ne ya sa ba a kallo ta taga a buɗe, ko ta saman rufin gidan da ake hura wuta: zafin da ke fita shi zai dagula hoton.

Shin ko kun san daren da taurari suka fi ƙyalƙyali, ba shi ne daren da ya fi kyau ba? Ƙiftawar tauraro alama ce ta iskar sama tana hautsinawa. A Turai da Arewacin Amurka, igiyar iska mai gudu da ke can sama takan ƙara ƙarfi da hunturu, sai a sami dare garau amma hoton duniyoyi ba ya tsayawa. Masu kallon suna raba abin biyu: tsabtar sama daban, natsuwar iska daban. Dare mai tsabta na farautar abubuwa dishi-dishi ne, dare mai natsuwa na wata ne da duniyoyi.

Shin ko kun san lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwalin na'urori masu araha, wai tana ƙara girma sau 500, tarko ce? Ƙarfin na'ura yana ga faɗin bakinta. Ƙwayar idon mutum a duhu tana buɗewa kamar milimita 7. Madubi mai milimita 200 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 800 da ɗoriya, kuma in ka ninka faɗi sau biyu haske ya ninku sau huɗu. Ƙarin girma kuwa lissafi ne mai sauƙi: na'urar da hasken ke tattaruwa a nisan milimita 1200, in ka sa mata maleƙa, wato ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai, mai milimita 25 ka sami sau 48, in ka sauya da mai milimita 10 ka sami sau 120. Iyakar abin da ke da amfani kamar ninki biyu ne na faɗin baki a milimita. Ka wuce nan, sai ƙaton hoto dususu.

Shin ko kun san gilashin da ke fuskantar sama yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi? Zafinsa yake aikawa sararin samaniya, sai raɓa ta sauka masa, in sanyi ya tsananta ta zama ƙanƙara. Maganinta hula ce mai tsawo da ake sa wa bakin bututu, ko ɗamarar waya mai ɗan ɗumi da batir ke kunnawa. Numfashi guda a kan maleƙa ya isa ya rufe ta da hazo, don haka wasu ke riƙe numfashi in za su leƙa. Batir ma sanyi na rage masa ƙarfi, giris ɗin cikin injin da ke juya na'ura ya yi tauri, waya ta sandare, bututun ƙarfe ya ɗan tsuke har sai an sake saita hoto. Kyamara ce kaɗai ke murna: duk saukar digiri 6 ko kusa da haka, dattin da zafi ke jawowa a hoto yana raguwa da rabi.

Ido kuma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken wayar hannu na ɗan lokaci ya rushe shi. Jar fitila kawai ake yarda da ita a wurin kallon.

Shin ko kun san a daren hunturu ne Galileo ya ga watannin Mushtari? Ranar 7 ga Janairu 1610, a birnin Padua na Italiya, ya ga ɗigo uku a gefenta, kafin mako ya zagayo ya ga na huɗu. Na'urarsa ba ta wuce ƙara girma sau 20 ba. Madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, in aka jingina shi da katanga don kada hannu ya yi rawa, zai nuna maka su yau.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Caroline Herschel. Yayanta William makaɗi ne a garin Bath na Ingila, da hannunsa yake goge madubai, kuma da na'urar da ya ƙera ya gano duniyar Yuranus ranar 13 ga Maris 1781. Shi yana kan tsani yana faɗin abin da yake gani, ita tana zaune tana rubutawa, wani lokaci har tawada ta daskare a cikin kwalba. A daren 31 ga Disamba 1783, tana gudu cikin dusar ƙanƙara don ta juya masa na'ura, ta faɗi a kan ƙugiyar ƙarfe ta shige mata ƙafa sama da gwiwa. Da ta warke ta koma bakin aiki. Daga baya ita da kanta ta gano taurari masu wutsiya guda 8, kuma a 1787 Sarki George na Uku ya yanka mata albashin fam 50 a shekara. Mutane da yawa sun san sunan yayan, ita kuwa sai an tono.

Shin ko kun san wanda ya gano ƙaramar duniyar nan Fuluto ɗan manomi ne daga Kansas? Clyde Tombaugh ya haɗa na'urarsa da tarkacen injinan gona da ƙarfen tsohuwar mota, ya zana abin da ya gani ya aika wa cibiyar Lowell da ke Flagstaff, suka ɗauke shi aiki a 1929. A kan tudu mai tsayin sama da mita 2000, a ɗakin da ba a hura wuta, ya ɗauki hotuna ranar 23 da 29 ga Janairu 1930. Ranar 18 ga Fabrairu ya kwatanta su ya ga ɗigo guda ya gusa. Shekarunsa 24.

Shin ko kun san na'urar da ta fi farin jini wurin masu ƙaramin ƙarfi, wani mai zaman zuhudu ne ya fito da ita? John Dobson ya yi shekara 23 a gidan ibadar mabiya Vedanta a Kalifoniya. Yana goge gilashin tagar tsofaffin jiragen ruwa ya mai da shi madubi, ya sa a bututun kwali, ya ɗora a kan akwatin katako mai juyawa. Ba inji, ba waya, ba batir, don haka ba abin da sanyi zai kashe. Ya riƙa kafa ta a bakin titin San Faransisko yana kiran masu wucewa su zo su ga wata. Bai taɓa yi mata rajistar mallaka ba har ya rasu a 2014 yana da shekara 98. In za a tambaye ni wace na'ura mai fara koyo zai saya, ita zan nuna.

Amma kada a raina ƙarama. Ranar 23 ga Janairu 2004, Jay McNeil a Kentucky, da na'ura mai gilashi da faɗinta bai kai santimita 8 ba, ya ɗauki hoton wani gajimaren sama da wani jaririn tauraro ya haska ba zato. Manyan cibiyoyi suka juya na'urorinsu can, kuma har yau sunansa gajimaren ke amsawa. Anthony Wesley kuma a Ostareliya, ranar 19 ga Yuli 2009, wato tsakiyar hunturunsu, ya ga baƙin tabo a jikin Mushtari inda wani abu ya faɗa mata. Shi ya sanar da masana, NASA ta tabbatar.

Shin ko kun san tauraron da ya fi kowane haske da dare, Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi, yana da ɗan rakiya? Haskensa na yin shekara 8.6 kafin ya iso mu. Ɗan rakiyar, wanda haskensa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na babban ba, an fara ganinsa ne ranar 31 ga Janairu 1862, lokacin da Alvan Graham Clark ke gwajin sabon gilashi. Suna zagaya juna cikin shekara 50. Har gobe da shi ake gwada na'ura da natsuwar dare: wanda ya raba su biyun, ya sami abin ba da labari.

Yanzu kuma sabon musu ya taso. An fito da ƙananan na'urori irin Seestar S50 da ke neman tauraro da kansu su aiko hoto cikin waya, mai su na zaune a ɗaki da kofin shayi. Tsofaffin hannu na cewa wannan kallon talabijin ne. Ni dai ina murna da duk abin da zai sa yaro ya ɗaga kai, amma hasken da ya yi shekara 1300 da wani abu yana tafe daga gajimaren da ke cikin rukunin taurarin Oriyon, na fi son ya sauka a ƙwayar idona.

Shin ko kun san taurarin hunturun da Turawa ke shan wuya a kansu, a wurinmu sun fi zama daidai? Taurarin nan uku da ke jere a tsakiyar Oriyon, a Landan ba sa haura digiri 38 daga ƙasa, a Kano kuwa suna kai wa 77, kusan tsakar ka, inda iskar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Suraiya, ido na ƙirga mata shida ko bakwai, madubin hannu ya nuna gommai. Matsalarmu ba ƙanƙara ba ce, ƙura ce, wadda iskar hunturu ke kwasowa musamman daga kwarin Bodele na Chadi. Sai a yi dakon daren da hazo ya lafa, kuma kada a kuskura a goge madubi da tsumma, domin ƙurar yashi ce, karce shi za ta yi.

Akwai kuma Suhail, na biyu a haske bayan Shi'ira, wanda ba a taɓa ganinsa daga Ingila ko Jamus. Kowace shekara cikin hunturu masu kallo daga arewacin Amurka kan yi doguwar tafiya da na'urorinsu zuwa tsibiran kudancin Fulorida don su ga irinsa. A farkon Fabrairu, tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, ku nemi Shi'ira, ku sauke ido kudu. Zai kasance nan saman katangar maƙwabta.