Nahawun Zance Tsakanin Sassan Manhaja: Gano Kiki-kaka Kafin Aukuwarsa

1.0 Gabatarwa

Manhajar kwamfuta ta zamani takan kasu sassa-sassa masu aiki a lokaci guda, kowane sashe yana aika wa ɗan'uwansa saƙo ta wata kafa da aka keɓe. Tony Hoare, masani ɗan Ingila, shi ya shimfiɗa wannan tsari a maƙalarsa ta 1978, kuma a kansa aka gina kafofin saƙo na harshen Go da kamfanin Google ya fitar a 2009. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano aibin irin wannan zance daga rubutun manhajar kawai, tun ba a kunna ta ba.

2.0 Kiki-kaka

A ɗauka wani falke ya kawo sa daga Katagum zuwa kasuwar Azare, ya ce ba zai saki igiya ba sai ya ga kuɗi, mai saye kuma ya ce ba zai ƙirga kuɗi ba sai igiya ta shiga hannunsa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ciniki ya tsaya. Haka sassa biyu kan cije, kowanne yana jiran saƙon ɗaya. Abin da ya sa aibin ke da wuyar kamawa shi ne, jerin aukuwar saƙonni yakan sauya daga kunnawa zuwa kunnawa. Manhaja tana iya cin gwaji sau dubu, sa'annan ta cije ranar da ake biyan albashi da ita.

3.0 Hanyar Bincike

A 1993 Kohei Honda ya kawo shawarar a rubuta wa kowace kafa ƙa'idar zancenta: wa zai fara, me zai aika, wace amsa zai jira. Ƙa'idar ɓangare ɗaya dole ta zama kishiyar ta ɗayan, wato inda wannan ya aika, wancan ya karɓa. Manazarcin harshe zai gane wannan nan take, domin haka gaisuwa take, tambaya da amsarta. Na'urar bincike sai ta bi rubutun tana auna kowane layi da ƙa'idar, kamar mai duba jituwar jinsi a jimla.

Sai dai akwai iyaka. Henry Rice ya tabbatar a 1953 cewa babu hanyar da za ta yanke irin wannan hukunci daidai a kan kowace manhaja. Saboda haka tilas mai ƙera na'urar ya zaɓa: ko ta riƙa zargin wasu manhajoji lafiyayyu, ko ta bar wasu masu aibi su wuce. Ga manhajar asibiti ko ta banki, zargin ya fi sauƙin ɗauka.