Wace Dabba Ce Ta Dace Da Gidan Haya A Kurmi?

A unguwar Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, sau da yawa in an shiga gidan ɗan Arewa akan tarar da wata 'yar dabba. Wani kyanwa, wani tantabaru a bisa rufin kwano, wani kuwa aku cikin keji a bakin ƙofa. Sha'awa ce da aka taso da ita tun daga gida. Amma fa gidan haya a kurmi ba kamar gidan gado na Kano ko Katsina ba ne. A nan iyalai da yawa ne ke tarayya a madafi ɗaya da makewayi ɗaya. Saboda haka kafin maigida ya biye wa kukan yara, ya kamata ya fara jin ta bakin mai gidan haya da maƙwabta.

Ga mai ɗaki ɗaya ko biyu, kyanwa ta fi kowace dabba sauƙi. Ba ta da hayaniya, ragowar abinci ya ishe ta, ga ta kuma maganin ɓeraye. Sai dai cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana kuwa iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Likitoci kuma sun hana mace mai juna biyu kwashe kashinta, domin akwai cutar da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

Batun kare shi ne mai nauyi. Malamai sun yarda a ajiye shi don gadi ko farauta ko kiwo, to amma gidan da ake salla a baranda, yara kuma suna rarrafe a tsakar gida, ba wurinsa ba ne. Wanda tilas ta sa ya ajiye, alal misali mai gadin shago ko gareji, lalle ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Ana yin wannan allura a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti nan take. Kada a tsaya shafe-shafe, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tashi.

Aku kuwa, duk da daɗin surutunsa, yana iya kai shekara 40 ko fiye, kuma tun 2017 dokar duniya ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Tantabara ta fi shi arha, ƙwai biyu take yi ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka, amma kashinta a kan shanyar maƙwabta yakan jawo cacar baki.

Saura maganar tafiya gida. Da yawa daga cikin jama'armu sukan kulle ɗaki su haye mota da salla, 'yan cin rani kuma sukan koma da faɗuwar damina. Kyanwa tana iya lallaɓawa wajen maƙwabta, amma tsuntsun da ke cikin keji, in babu wanda aka bar wa amanar ruwa da gero, 'yan kwanaki kaɗan zai yi ya mutu.