Yadda Kodin Ke Kama Mutum

An yi kodin ne don rage tari da raɗaɗi, amma ɗan uwan morfin ne, kuma jiki na saurin sabawa da shi. Kwalbar maganin tarin da ta isa jiya ba ta isa yau. In aka daina kwatsam, sai ciwon gaɓoɓi, zufa da rashin barci su taso. Daga nan, saboda neman kuɗin saye, kaya ke fara ɓacewa a gida, uwa kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, Najeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya yi na shekarar ya gano mutum miliyan 14.3 na shan miyagun ƙwayoyi a ƙasar, ɗaya cikin huɗu mace ce. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin wuraren jinyarsu.