Ɗan Ina-da-kisa Mai Amana: A Fim Kaɗai Ake Samun Irinsa

Duk mai zaga kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela, Maigatari da Birnin Ƙonni ya san cewa da zarar ciniki ya lafa, yaran shago kan haɗa kai a kan waya guda suna kallon fim. A da sai an je silima, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, daga baya aka koma kaset da faifai, yanzu kuwa masu turi ne ke cika wa yaro waya da kuɗi kaɗan. A cikin abin da suke kallo akwai wani nau'in fim da muke ganin ya kamata iyayen gida su san da shi, wato labarin ɗan ina-da-kisa wanda ba shi da mata ba shi da aboki, ana biyansa ya yi kisa, amma kuma an nuna shi mutum ne mai magana ɗaya.

Wannan salo ya daɗe. A 1967 ne Jean-Pierre Melville na Faransa ya fitar da Le Samouraï, inda Alain Delon, wanda ya rasu a 2024, ya fito a matsayin makashi marar yawan magana, daga shi sai ɗan tsuntsunsa a keji. A 1989 John Woo ya yi The Killer a Hon Kon, inda Chow Yun-fat ya lalata idon wata mawaƙiya bisa kuskure, sai ya karɓi aiki na ƙarshe domin ya biya kuɗin yi mata aikin ido. A 1994 aka yi Léon, wanda jaruminsa Jean Reno ya ɗora wa kansa dokar ba ya taɓa mace ko yaro, har ya riƙe wata marainiya 'yar shekara 12. Indiyawa sun maimaita wannan labari a Bichhoo na 2000 tare da Bobby Deol. Sai kuma Ghost Dog na Amurka a 1999, inda Forest Whitaker ke karɓar saƙon ubangidansa ta hanyar tantabara.

Idan mai karatu ya lura, abin da ke jan ran ɗan kasuwa a waɗannan finafinai shi ne alƙawari. Mutum ya ce zai yi, ya yi. Ya karɓi kuɗi, ya cika aiki. An kama shi, bai tona asirin kowa ba. Da wannan hali ne fataucin Bahaushe ya ginu. Shekaru aru-aru fatake na sauka wurin fatoma, a sayar da shanu ko goro bashi a Sabon Ibadan ba takarda ba sa hannu, sai bakin maigida kawai. Har gobe 'yan uwanmu da ke nema a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville a Gabon da amana suke aiko da saƙo gida. Masu shirya fim sun ɗauki wannan kyakkyawar riga ne suka sanya wa mai zubar da jini, shi ya sa yaro ke tafa masa.

To amma bari mu duba yadda abin yake a zahiri a ƙasar nan. A ranar 4 ga Yuni 1996 aka harbe Kudirat Abiola a cikin motarta a Legas, ba wanda ya ce ai mace ce. A ranar 23 ga Disamba 2001 aka kashe Cif Bola Ige a gidansa da ke Ibadan, alhali shi ne Ministan Shari'a, kuma har yau kotu ba ta kama kowa da laifin ba. A ranar 13 ga Afrilu 2007 'yan bindiga suka shiga masallacin Ɗorayi a Kano suka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar Asuba. Ina dokar? Ina mutuncin? Wanda ya sayar da imaninsa don kuɗi ba ya tambayar wane ne, ko a ina yake tsaye.

Bugu da ƙari, su kansu finafinan sun faɗi gaskiya a ƙarshensu, sai dai ƙarar bindiga kan hana yara ji. A Le Samouraï da The Killer da Ghost Dog, waɗanda suka ba jarumin aiki su ne suka juya masa baya suka nemi ransa, domin matacce ba ya ba da shaida. A waɗannan uku da kuma Léon, babu jarumin da ya tsira da rai, balle ya mori abin da ya tara. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Saboda haka muna kira ga iyayen gida a kasuwanninmu da kada su tsaya ga ƙwace waya kawai, domin yaro zai je ya kalla a rumfar maƙwabci. A zauna da shi a tambaye shi abin da ya burge shi game da jarumin. Idan ya ce cika alƙawari ne, sai a nuna masa dattijon da ke layinsu wanda ya shekara talatin ana ba shi kaya bashi bai taɓa cin kuɗin kowa ba, yana kuma kwana a gidansa ba fargaba. Musamman a yankunan da ake fama da 'yan bindiga, inda ake yaudarar matasa da 'yan kuɗi su zama masu kai rahoto, wannan hira tana iya ceton rai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kawo kasuwa mai albarka.