Kafin ka sayi ƙwaƙwalwar injin sassaƙa, duba direbansa

Wani kafinta daga Hunkuyi ya kawo mini faifan katako na kan gadon amarya a shagona da ke Makarfi, yana so a sassaƙa masa fure a tsakiya. Watan Afrilu ne, zafi ya kai zafi. Injin ya yi awa biyu yana aiki lafiya lau, sai kawai rabin furen ya goce gefe, misalin faɗin yatsa. Katakon ya tashi aiki. Na biya shi kuɗinsa, na kwana ina zargin kwamfuta. Ashe laifin na wani ɗan abu ne da bai wuce girman kan sarki ba.

Injin da ake kira CNC, kwamfuta ce ke nuna wa wuƙarsa hanya: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Kowace hanya da motonta. Wannan moto ba irin na fanka ba ne da ke juyawa kawai; takawa yake yi ɗaya bayan ɗaya, kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 a zagaye guda. Shi ya sa nake kiransa moto mai taku. Aibinsa ɗaya, ba ya kawo rahoto. In aka ce ya taka ɗari ya taka casa'in, babu mai sani sai aikin ya karkace.

Abubuwa uku ke tafiyar da shi: allon da ke ƙirga taku, wanda samari ke kira ƙwaƙwalwa, sai direba mai tura wa moto wuta, sai akwatin da ke ba da wutar. Matasan da ke zuwa wurina daga Ikara da Kudan duk tambayarsu ɗaya ce: "Maigida, wane allo ya fi?" Ni kuwa na kan ce a fara daga nauyin aikin, a zo moto, a zo direba. Allo shi ne na ƙarshe.

Ga abin da ya same ni. Motona NEMA 23 ne, mai faɗin fuska milimita 57, yana bukatar amfiya 2.8. Na haɗa shi da direba A4988, wanda amfiya 1 yake ɗauka cikin natsuwa, ko da an sa masa fanka da ƙarfen sanyaya bai wuce 2 ba. Da ya yi zafi sai ya ɗauke na ɗan lokaci don kare kansa, ya dawo, allo kuwa na ta ƙirga abinsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A4988 da ɗan'uwansa DRV8825 na ƙananan motoci ne, NEMA 17, masu milimita 42, irin na injin zanen suna a fata ko roba. Mai son cin katako mai tauri kamar maɗaci, ya nemi direba na akwati irin DM542, mai kai amfiya 4.2 da bolt 50. Akwai TB6600 mai sauƙin kuɗi, yana aiki, amma a yi hattara: a kasuwa ana samun waɗanda abin da ke cikinsu ba shi aka rubuta a jiki ba.

Wutar ma da lissafi. Moto mai taku ƙarfinsa raguwa yake yayin da gudu ya ƙaru, kuma yawan bolt ne ke riƙe masa ƙarfin. Bayan na canza direba, da na tashi daga bolt 24 zuwa 36 sai injin ya daina shaƙewa a dogon layi. Amma kada a kai direba bakin iyakarsa. A4988 bolt 35 ne ƙarshensa. Kuma kada a taɓa zare wayar moto alhali direba na da wuta, nan take direban zai iya ƙonewa.

To, sai allo. Arduino Uno ɗauke da manhajar GRBL, wadda Simen Svale Skogsrud ɗan ƙasar Nowe ya fara a 2009 kuma kyauta ce, yana tafiyar da hanyoyi uku, yana aika umarnin taku kusan 30,000 a daƙiƙa. Mu ƙirga tare. In sandar zare da moto ke juyawa tana matsar da wuƙa milimita 8 a zagaye, aka raba kowane taku gida 16, umarni 400 ke nan a milimita guda. Wato injin zai iya tafiyar mita 4.5 a minti. Wane kafinta ne wannan bai ishe shi ba? Mach3 ma na da masoya, sai dai a tsarinsa na asali yana son tsohuwar kwamfuta mai kafar firinta ta fil 25, ga ƙurar katako, ga hazon hunturu. Ni yanzu na koma allo mai ESP32 da manhajar FluidNC: ina zuba zane a katin ajiya, in ba da umarni daga wayata, kwamfuta tana can gida a lulluɓe.

Sauran magana ta garuruwanmu ce, wadda littattafan Turai ba su damu da ita ba. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, janareta kuma wutarsa hawa da sauka take. Na ɗora allo da direbobi a kan inbata da batirin sola, na kafa ƙarfen ƙasa na ɗaure jikin injin da shi, na raba wayoyin umarni da wayar injin yanka don kada hayaniyar wutarsa ta rikita ƙirga. Sannan na sa ƙananan makunnai uku a ƙarshen kowace hanya, inda injin ke komawa ya gane mafarinsa. Da su, in aiki ya tsaya, ana iya ci gaba a kan layin da aka bari.

Kayan nan ba a samun su a Tashar Yari ko kasuwar Ikara. Sai an nema a Zariya ko Kano, galibi ma sai an yi oda an jira makonni. Don haka ɗan'uwa, ranar da za ka saya, karanta amfiyar da aka rubuta a jikin motonka, ka zaɓi direban da ya fi ta, kuma ka sayi huɗu maimakon uku, ɗaya ya zauna a ajiye.